Labarin kunne, a tambayi ido

  

Filinmu na lafiya wannan karo bisa hajijiya zai tsaya, wadda wasu ke ce wa jiri, wasu juwa. Duk wadda ta taɓa riƙe littafin ƙungiya ta san wannan uzuri. A kira suna ranar zubi, a ji shiru, sai maƙwabciya ta ce: "Tana kwance, hajijiya ta kama ta, ga kuɗinta ta aiko." Mu ce Allah ya sawwaƙe, mu wuce suna na gaba. Bayan mako biyu sai ga ta tana neman bashi, kuma kuɗin ba jari za su shiga ba. Za su tafi wajen maganin ƙarin jini, ko ledar ruwa, ko turare da rubutu, gwargwadon shawarar wanda ya fara zuwa dubiya.

Mun nemi bayani wajen ma'aikatan lafiya, aka karanta muna aikin wasu masu bincike aka fassara. Abin da muka ɗauko shi ne: hajijiya suna ne guda da ya lulluɓe cututtuka da yawa. Akwai wadda ake warkarwa cikin minti goma ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba, akwai kuma wadda ke kisa in an kwana da ita a gida. Mai rarrabe su sau da yawa idon maras lafiya ne, in an samu wanda ya iya kallonsa.

Kalma ɗaya, ciwo iri-iri

Mu fara ware wadda muka fi sani. Mace ta daɗe duƙe wajen shara ko wanki, ta miƙe da sauri, ta ga duhu-duhu, ƙafafu su yi sanyi kamar za ta suma. In ta zauna sai abin ya wuce. Wannan jini ne bai isa kai da wuri ba. Ƙarancin jini na kawo shi, haka ƙishirwa lokacin zafi, da juna biyu, da yawan zubar jinin al'ada, da palu, da wasu magungunan tansiyo. Ana gane shi da awon jini da awon tansiyo, kuma ko a asibitin ƙaramar hukuma ana iya yi.

Ta biyu daban take. Mace na kwance ko zaune, ta ga ɗaki na juyawa, rufi na gudu, ƙasa na karkata. Ba duhu take gani ba, motsi take gani inda babu motsi. Zuciya ta tashi, amai ya biyo. Irin wannan, ko an shanye kwalba goma ta maganin ƙarin jini ba ta san an yi ba, don tushenta na cikin kunne, ko cikin ƙwaƙwalwa. Ita ce maganarmu ta yau.

Abin da Allah ya ajiye can cikin kunne

Yawancinmu mun ɗauka aikin kunne ji ne kawai. Bayan dodon kunne, can cikin ƙashin kai inda tsinke ba ya kaiwa, akwai wani ɗan wuri da bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Sashe ɗaya nasa a naɗe yake kamar katantanwa, shi ke ji. Ɗaya sashen shi ke tsai da mu.

Sashen tsayuwar yana da ƴan bututu uku masu lanƙwasa kamar warwaro, kowane na fuskantar gefe daban, cike da ruwa. Ki tuna ƙwaryar hura: in kin juya ƙwaryar da sauri, hurar ba ta bin ta nan take, tana ɗan tsayawa baya. Haka ruwan bututun ke yi in kai ya juya. Wannan jan baya na ruwa yana lanƙwasa wasu ƴan gasu masu laushi, su kuma su aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa: kai ya juya dama, ko ya duƙa, ko ya karkata. Kusa da bututun akwai ƴan jakunkuna biyu masu ɗauke da tsakuwoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, sinadarinsu irin na ɓawon ƙwai ne. Nauyinsu ke gaya wa jiki ina ne sama, ina ne ƙasa.

Kunnen dama da na hagu suna aika saƙo kullum, ko muna zaune shiru. In saƙon biyu ya zo daidai, ƙwaƙwalwa ta ce kai na tsaye. In ɗaya ya ragu saboda ciwo, sai ta ɗauka ana juyawa, alhali mutum na bisa tabarma. Wannan ita ce hajijiyar kunne. Duk macen da ta ɗauko tulu daga rijiya ta kawo gida ba ta zubar ba, waɗannan ƴan bututun sun yi mata aiki ba ta sani ba.

An daɗe ana ɗora irin wannan hajijiya bisa ƙwaƙwalwa kaɗai. Wani likitan birnin Paris mai kula da kurame, Prosper Ménière, shi ya fito a 1861 ya ce kunne ma na kawo ta. Har yau akwai ciwon da ake kira da sunansa: hajijiya ta awowi, da ƙara cikin kunne, da jin da ke raguwa.

Ku gwada wannan a wurin taro

Ki ɗauki littafin zubi ki riƙe gabanki, ki sa ido bisa suna ɗaya. Ki girgiza kanki dama da hagu kamar mai cewa a'a, da ɗan sauri. Za ki ga har yanzu kina iya karanta sunan. To yanzu ki tsai da kai, ki girgiza littafin da wannan saurin. Rubutun zai dagule.

Mine ne bambancin? Lokacin da kai ke motsi, kunne na ba ido umurni kai tsaye: kai ya yi dama, kai ido yi hagu daidai gwargwado. Saƙon na isa cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na sakan, yana cikin mafi saurin aikin jikin ɗan Adam. Lokacin da littafi ke motsi kuwa, kunne ba ruwansa, ido ne kaɗai ke bin abu, kuma shi kaɗai ba ya da wannan saurin. Ke nan akwai igiya tsakanin kunne da ido. In ta yi rauni, a ido za a gani. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin kunnen ciki kuma ido ake tambaya.

Likitan Sidni da gwajinsa

Mutumin da aikinsa ya kawo mu wannan magana likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, a asibitin Royal Prince Alfred. Sunansa Michael Halmagyi, ana faɗinsa Halmaji. Ya yi shekaru yana aiki tare da wani malamin jami'ar Sidni mai binciken kunnen ciki, Ian Curthoys.

Kafin su, babban gwajin kunnen ciki na ruwa ne. Wani likitan birnin Biyana, Robert Bárány, ya lura marasa lafiya na kukan hajijiya in an wanke musu kunne da ruwa mai sanyi, idanunsu kuma na fizga gefe ɗaya. In ruwan ya yi zafi, sai fizgar ta koma ɗaya gefen. Ya mai da wannan gwaji: kunnen da aka zuba wa ruwa bai ta da hajijiya ba, to sashen tsayuwarsa ya yi rauni. Aikin ya ba shi kyautar Nobel ta 1914, labarin ma ya iske shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Har yanzu ana gwajin, da ruwa mai awo 30 da mai awo 44. Sai dai yana son kayan aiki da lokaci, yana kuma wahal da maras lafiya. Daga nan ma mu ɗauki ɗan darasi: in an ba ki maganin ɗigawa a kunne, ki ɗumama kwalbar cikin tafin hannu kafin ki ɗiga.

A 1988 Halmaji da Curthoys suka fito da gwajin da ba ya son komi sai hannu biyu da ido. Maras lafiya ta zauna, likita ya zauna gabanta, ya riƙe kanta ya ce: "Kalli hancina, kada ki ɗauke ido." Sai ya juya kan ba zato, da sauri, amma kaɗan, bai kai rabin waiwaye ba. In kunnen gefen da aka juya lafiya yake, ido na nan bisa hancin likita kamar an kafe shi. In ya yi rauni, ido zai tafi tare da kan, sannan ya yi wani ɗan tsalle ya komo bisa hancin. Wannan ɗan tsallen shi ne shaida. In an juya dama aka gan shi, kunnen dama ne. In hagu, na hagu.

Ba su tsaya ga kallo kaɗai ba. Sun auna motsin kai da na ido da na'ura bisa mutum 12 da aka riga aka yanke wa jijiyar tsayuwa ta kunne ɗaya wajen tiyata, wato mutanen da aka san tabbas wane kunne ne ba ya aiki. Alamar ta fito a gefen da ya kamata. Wannan hali na masu bincike ya kamata mu riƙe: dubara ba ta zama abin dogaro sai an gwada ta inda aka riga aka san amsa. Mu ma ba mu yarda da sabon mudu sai mun auna shi da tsoho.

Aikin bai tsaya nan ba. Wasu marasa lafiya idonsu na yin tsallen tun kan bai gama juyawa ba, da saurin da idon likita ba ya kamawa. A 2009 su da abokan aikinsu suka nuna wani tabarau maras nauyi mai ƴar kamara da ke ɗaukar hoto kamar 250 cikin sakan ɗaya, kwamfuta na auna abin da ya ɓoye. A farkon shekarun 1990 kuma, Halmaji da wani likita mai suna James Colebatch sun samo hanyar gwada ɗaya daga jakunkunan tsakuwa: a sa ƙara mai ƙarfi a kunne, a auna yadda naman wuya ke amsawa. Waɗannan na'urori na manyan asibitoci ne. Amma gwajin hannu na 1988 yana tafiya duk inda aka koya wa ma'aikacin lafiya shi, ko da wutar lantarki ko babu.

Inda maganar ke juyewa

Ku saurara da kyau nan, don wurin da rai ke ciki ke nan. Mace ta wayi gari da hajijiya mai tsanani wadda ba ta tsayawa, awa da awowi, da amai, ido na fizga, tafiya na gagara. Abu biyu ne suka fi kawo haka. Na farko, kumburin jijiyar kunnen ciki: yana wahalarwa kwana biyu zuwa uku, sannan ya riƙa sauƙi cikin makonni. Na biyu, toshewar hanyar jini a ƙwaƙwalwar ƙeya, ɗan uwan ciwon nan na shanyewar ɓarin jiki. Wani lokaci shi ma ba ya zuwa da karkacewar baki ko mutuwar hannu, hajijiya ce kaɗai a farko. Daga waje kamanninsu ɗaya.

A nan gwajin Halmaji ke yin abin mamaki. In aka juya kan aka ga ɗan tsallen ido, alama ce laifin na kunne ne, wato labari mai sauƙi. In kuwa mace na cikin wannan hali amma ido ya tsaya kyam kamar na mai lafiya, likita sai ya ƙara damuwa, don kunne ya wanke kansa, saura ƙwaƙwalwa.

Wasu likitocin Amurka, Jorge Kattah da David Newman-Toker da abokan aikinsu, sun haɗa wannan gwajin da wasu biyu. Ɗaya, a duba ko fizgar ido na sauya gefe in an kalli dama sannan hagu. Ɗayan, a rufe ido ɗaya a buɗe, a ga ko yana gyara tsayuwa sama ko ƙasa. A 2009 suka ba da sakamakon mutum 101 masu irin wannan hajijiya, kowane da wani abin da ke jawo toshewar jini, kamar tansiyo ko ciwon suga. Gwajin ido na ƴan mintoci ya kama duk masu toshewar. Babbar na'urar hoton ƙwaƙwalwa kuwa, a ɗaukar farko cikin kwana biyu, ta tsallake kamar 12 cikin ɗari.

Kada a fahimce mu baibai. Waɗanda suka yi gwajin ƙwararru ne da suka daɗe suna kallon ido. Kada wata ta je gida ta kama kan uwar mijinta ta murɗa, musamman tsohuwa mai ciwon wuya. Abin da ya shafe mu shi ne mu san akwai hajijiyar da ba a jira da ita.

A nemi mota ko amalanke nan take, ko da tsakar dare ne, in sabuwar hajijiya ta zo da ɗaya daga cikin waɗannan: mace ta kasa tsayuwa ko zama sai an riƙe ta, tana ganin abu ɗaya biyu, harshe ya yi nauyi ko haɗiya ta gagara, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu ko ya yi sanyi, ciwon kai ko na ƙeya mai tsanani da ba ta taɓa jin irinsa ba, kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya. Mai tansiyo, mai suga da wadda ta manyanta, a ƙara yi musu sauri. Mai juna biyu da ke hajijiya da ciwon kai, gani na dushewa, fuska ko hannu a kumbure, gidan haihuwa za a nufa da ita kai tsaye. Haka wadda kunnenta ke zubar da mugunya sannan hajijiya ta shigo. Addu'a ana yin ta a hanya, ba ta hana tafiya.

Ƴar tsakuwar da ta ɓata hanya

Yanzu ga labari mai daɗi. Mafi yawan hajijiyar kunne ba waccan ba ce. Ita ce wadda ke zuwa in mace ta juya bisa gado, ko ta kwanta, ko ta ɗaga kai za ta sauko da kwano daga bisa kanta, ko ta duƙa ruku'u da sujada. Ɗaki ya juya da ƙarfi, amma kafin minti ɗaya ya tsaya. In ta sake wannan motsin ya komo. Ta fi kama mata bisa maza, ta fi yawa in shekaru sun ja, wani lokaci tana biyo bayan buguwa a kai.

Dalilinta, ƴan tsakuwoyin nan ne wasu suka ɓalle daga jakarsu suka faɗa cikin bututu. In kai ya sauya kwanciya sai su gangara, su ja ruwan, kunne ya aika saƙon ƙarya cewa ana juyawa. In sun kwanta ƙasa, hajijiyar ta tsaya.

Gwajin da ake gane ta da shi, akwai hannun mace a ciki. Margaret Dix likita ce a Landan. Tana koyon tiyata ne bam ya ji mata rauni lokacin yaƙin duniya na biyu, ya taɓa mata ido, ta bar tiyata ta koma bincike. A 1952 ita da Charles Hallpike suka bayyana gwajin da har yau ake kira da sunansu: a juya kan maras lafiya gefe, a kwantar da ita da baya da sauri, kai ya ɗan rataya, a kalli ido. In tsakuwa ce, bayan ƴan sakan ido zai fara murzawa, sannan ya lafa.

Maganin ma da hannu ne. A 1988 wani Bafaranshe, Alain Semont, ya ba da hanya ɗaya, a 1992 wani likitan Amurka, John Epley, ya ba da wata. Ana juya kai da jiki daki-daki, kamar yadda muke karkata faifai mu gangaro da tsakuwa gefe ɗaya daga cikin hatsi, har ƴan tsakuwoyin su fita daga bututun su koma jakarsu. Akasarin mutane na samun sauƙi daga yi ɗaya ko biyu. Tana iya komowa bayan watanni ko shekaru, a sake yi. Ku duba fa: ciwon da mace za ta yi wata uku tana sallah a zaune saboda shi, ta daina zuwa kasuwa, ta ci jarinta wajen sayen ƙwayoyi, ga shi maganinsa juyi ne bisa gadon asibiti. In alamominki irin waɗannan ne, ki tambaya a tura ki wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ko wanda ya iya wannan juyin.

Wadda kuma aka tabbatar kumburin jijiyar kunne ne, kada ta daɗe a kwance. Bayan kwanakin farko, tashi da tafiya da motsa kai a hankali su ke koya wa ƙwaƙwalwa ta saba da kunne ɗaya. Ƙwayoyin kwantar da hajijiya na kwana biyu ko uku ne. In an zarce da su, suna jinkirta warkewa.

Maganar allura

Akwai wani sashe na aikin Halmaji da ya shafe mu kai tsaye. Ya daɗe yana bin mutanen da wata allura mai suna jantamisin ta lalata wa sashen tsayuwa. A 2012 shi da abokan aikinsa suka ba da labarin mutum 103 da suka gani cikin shekara 23. Cikinsu har da waɗanda allura ɗaya tak aka yi musu.

Abin da ke sa a kasa gane wannan ɓarna da wuri shi ne ba ta cika taɓa ji ba, kuma ɗaki ba ya juyawa, don kunnuwan biyu ne suka raunana tare, babu wanda ya rinjayi wani. Mutum dai ya tashi daga jinya ya ga yana tangaɗi, abin ya fi muni cikin duhu ko bisa rairayi. In yana tafiya, duniya na rawa a idonsa, ba ya gane fuskar mai zuwa sai ya tsaya cik. Sai a ce raunin jinya ne, zai wuce. Amma ƴan gasun nan na cikin kunne in sun mutu ba su sake tsirowa.

Jantamisin magani ne na gaske, yana ceton rai, har na jarirai sabbin haihuwa. In likita ya rubuta shi, a yi. Abin da muke ja wa kunne shi ne allurar da ake saye a kasuwa ko wajen mai yawo da magani, a yi ta a gida don masassara ko ciwon mara, ba awo, ba ordinas. Wannan allura ana samun ta a irin waɗannan wurare, kuma mai sayarwa ba zai tambaye ki lafiyar ƙodarki ba, alhali mai raunin ƙoda ta fi shiga haɗari. In ana yi miki allura a asibiti kika fara jin tangaɗi ko gani na rawa, ki faɗa ranar, kada ki bari sai an gama. Kinin kuma da aka sani da sa ƙara a kunne, nasa yakan wuce in an gama shan magani, amma shi ma a gaya wa likita.

Abin da za ki faɗa in kin shiga

Likita na da layi a ƙofa. In kin ce "hajijiya nake" kika yi shiru, kin bar shi da kalmar da ke da ma'ana goma. Ki shirya amsar tambaya huɗu tun daga gida, ko ki sa ɗiyarki mai zuwa lakkwal ta rubuta miki.

Ta ɗaya, ƙaƙa take: duhu ne kamar suma, ko juyawa, ko tangaɗi wajen tafiya? Ta biyu, tsawon wane lokaci take yi: ƙasa da minti, awowi, ko kwanaki ba tsayawa? Ta uku, mi ke ta da ita: miƙewa tsaye, juyi bisa gado, ko haka kawai take zuwa? Ta huɗu, mi ke rakiyarta: ƙara a kunne, raguwar ji, ciwon kai na ɓari ɗaya da ƙin haske, amai? Ki haɗa da kwalaye da kwalaben duk maganin da kika sha ko aka yi miki allurarsa cikin watannin nan, har na gargajiya. Kada ki ji kunyar tambaya: "Likita, ko za a duba idona da kunnena?" Matambayi ba ya ɓata.

Kafin a samu ganin likita, mai hajijiya ta bar jan ruwa a bakin rijiya, ta bar hawan rumbu, kada ta tsaya kan tukunyar mai ko ta goya jariri ita kaɗai, kada ta hau kabu-kabu ba mai riƙe ta. Faɗuwar ta fi hajijiyar kanta karya mutane.

Abin da ya rage ga ƙungiya

Ilimin da ke sama ba ya da amfani in babu kuɗin mota ranar da ake buƙata. Shi ya sa muke roƙon kowace ƙungiya ta ɗauki minti goma a taro mai zuwa ta duba dokar asusun taimako. Shin dokarku ta yarda a fidda kuɗin kai maras lafiya da dare, ba sai ranar zubi ba? In makullan akwati na hannun mata uku, wa ke riƙe da ɗan abin gaggawa a waje, kuma a wane shafi ake rubuta shi? Lambar wane mai mota ko mai amalanke ke hannun shugaba? Wa zai raka, wa zai kwana da yara? Waɗannan in ba a yanke su da rana ba, ba a iya yanke su ƙarfe biyu na dare.

Sannan in an kira suna aka ce hajijiya ta hana ta zuwa, kada mu tsaya ga karɓar kuɗinta. Mata biyu su biya gidanta bayan taro, su yi mata tambayoyin nan huɗu, su ga ko tana iya tsayuwa da ƙafarta, su saurari maganarta. Ba likitoci muke ba, ba kuma za mu ba da magani ba. Namu shi ne mu gane wadda za ta iya jiran ranar kasuwa ta je awo, da wadda za a ɗauka yanzu. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Sakatarorin ƙungiyoyi, ku karanta wannan shafi da ƙarfi don waɗanda ba su kai ga karatu ba tukuna, ku yi gwajin littafin zubi tare, a yi dariya, a riƙe darasin. Tambayoyinku kuma ku ba mai kawo takarda, za mu kai su wajen ma'aikatan lafiya mu kawo amsa a fitowa ta gaba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu da iyalanmu. Sai mun sake haɗuwa.